BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: MALAMAN JAMI'A DA KARANTARWA DAGA NESA



Ya ɗan'uwa mai karatu, mas'alar da muka ɗauko a wannan wata ta shafi duk gidan da yake da ɗa ko 'ya a jami'a, da ma gidan da yake fatan samun haka nan gaba. Mas'alar kuwa ita ce: idan wata lalura ta auku aka rufe ƙofar jami'a ba zato ba tsammani, shin malaman jami'o'inmu a shirye suke su ci gaba da karantar da ɗalibansu daga nesa, ta hanyar intanet da wayar hannu, ko kuwa karatu zai tsaya cik ne har ranar da Allah Ya nufa a buɗe? Ra'ayinmu, wanda za mu kawo hujjojinsa, shi ne ba a shirya ba a lokacin da aka fi bukatar shirin, kuma tara malamai kwana biyu a nuna musu yadda ake kunna Zoom bai kai a kira shi shiri ba. Muna faɗin wannan ne a matsayin nasiha ga mutanen da muke girmamawa, domin a hannunsu muka yi karatu, kuma a hannunsu ƙannenmu suke yau.

ABIN DA YA FARU A 2020

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, a birnin Legas. Kafin a cika wata guda Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kuma ta ce a rufe jami'o'i daga 23 ga Maris na tsawon wata ɗaya. Wannan wata ɗayan shi ne ya yi ta miƙewa, a mafi yawan jami'o'in gwamnati ba a fara komawa ba sai a watan Janairu 2021. Ba mu kaɗai musibar ta shafa ba, domin hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa ɗalibai kimanin biliyan 1.6 ne suka zauna a gida a ƙasashe fiye da 190. Sai dai a ƙasashe da yawa jami'o'i sun mayar da darussa kan intanet cikin 'yan makonni, ko da kuwa da tangarɗa.

A watan Afrilu na wannan shekara Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci shugabannin manyan makarantu da su ci gaba da karatu ta intanet. Umarnin bai yi wani tasiri a jami'o'in gwamnati ba, domin a daidai ranar 23 ga Maris ɗin ce ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani, a kan tsarin biyan albashi na IPPIS da kuma yarjejeniyar 2009 da gwamnati ba ta cika ba, kuma ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Jami'o'i masu zaman kansu da dama kuwa sun ci gaba da karatu ta intanet, wasu har da jarrabawa. Ta haka ɗan mai hali ya haye shekara guda, ɗan talaka yana zaune a ƙofar gida.

A nan ne muke son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Alal haƙiƙa yajin aikin nan ya rufa wa kowa asiri. Gwamnati ta sami abin faɗa, cewa ta ba da umarni malamai ne suka ƙi. Malamai sun sami abin faɗa, cewa yajin aiki suke yi. Hukumomin jami'o'i kuma suka noƙe a tsakani. An kawo jarrabawa amma ba wanda ya zauna ya rubuta ta, saboda haka ba wanda aka ce ya faɗi, kuma wanda ba a ce ya faɗi ba ba ya komawa ya yi bitar darasi. Da a ce babu yajin aiki a wancan lokaci, malamai nawa ne za su iya isar da darasin mako guda ga ɗalibansu da suka watsu a ƙauyuka da birane? Mun ɗan ga amsar a 2021, lokacin da wasu jami'o'in gwamnati suka mayar da manyan azuzuwa kan intanet don rage cunkoso. Ƙannenmu sun ba mu labarin malamin da ya kira aji mai ɗaruruwan ɗalibai a kan Zoom na kyauta, alhali shi wannan ba ya ɗaukar fiye da mutum 100, kuma yana yankewa da an yi minti 40. Waɗanda suka riga shiga suka ji rabin lacca, sauran kuwa ko sallama ba su ji ba.

RUFE MAKARANTA YA DAINA ZAMA BAƘON ABU

Wani zai ce annoba ta wuce, me ya sa ake tayar da tsohon zance? Amsa ita ce annoba ɗaya ce kawai daga cikin dalilan da ke rufe mana makarantu. A ƙarshen Oktoba 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin Mubi, ɗaliban jami'ar jihar Adamawa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin sun watse, kowa ya yi ta kansa. A watan Agusta 2021 rikici ya sa Jami'ar Jos ta dakatar da jarrabawa, jihohi suka yi ta aika motoci suna kwashe 'ya'yansu. A 2023 an rufe dukkan jami'o'in ƙasar nan daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe. A watan Afrilu na wannan shekarar yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso ɗalibanmu da ke karatu a Khartoum, da yawansu suna gab da kammalawa. A watan Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye sashe mai girma na Maiduguri, jami'ar garin ta dakatar da karatu. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai gane cewa za a sake rufe makaranta, abin da ba mu sani ba kawai shi ne yaushe, kuma a ina.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Digirin shekara huɗu yana komawa shida. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma ma'aikatu da yawa suna sanya iyakar shekaru idan za su ɗauki sabbin ma'aikata. Uba ya biya kuɗin hayar ɗaki na shekara, ɗakin yana kulle. Yarinyar da aka sha wahala kafin dangi su yarda ta tafi jami'a, idan ta dawo ta yi wata goma a gida, sau da yawa karatun ke nan. Saurayin da ba shi da abin yi kuma, kowa ya san irin abokan da zaman banza yake haɗa mutum da su.

MENE NE SHIRI?

Mu da muka fara karatu a zaure kafin mu shiga aji mun san cewa karatu yana tsayuwa ne a kan rukunai uku: littafi a hannun ɗalibi, bayani daga bakin malami, sannan ɗalibi ya biya malami ya gyara masa. Karantarwa daga nesa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mutane da yawa a ƙauyuka sun yi shekaru suna bin tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ta Rediyon Kaduna, daga baya kaset ya kai darussan malamai har inda mota ba ta zuwa. A azumin 2020, da aka hana taruwa, malamai da dama sun yi tafsirinsu a ɗaki ba jama'a, ana watsawa ta rediyo da Facebook. Amma rediyo da kaset rukuni ɗaya kawai suke isarwa, wato bayani. Kaset ba ya jin kuskurenka balle ya gyara maka. Saboda haka malamin jami'a ba za a ce ya shirya ba sai ya tanadi rukunan nan uku gaba ɗaya.

Rukuni na farko shi ne darasin ya kasance a rubuce, a tsare, mako bayan mako, tun ana zaman lafiya. Gaskiya ce mai ɗaci cewa darussa da yawa a jami'o'inmu suna zaune ne a kan malami da cikin wani tsohon littafin rubutu da yake yi wa ɗalibai shifta daga ciki shekara da shekaru. Irin wannan darasi ba ya ƙaura zuwa ko'ina, domin babu abin da za a ɗauka a aika. Akwai kuma 'yan tsiraru da suka mayar da sayar da takardun darasi hanyar samun kuɗi, waɗanda ba za su so a saka takardun inda kowa zai ɗauka kyauta ba. Wanda darasinsa yake a tsare, ko da bai iya kwamfuta sosai ba, ya fi kusa da shiri a kan gwanin kwamfutar da darasinsa yake a warwatse.

Rukuni na biyu shi ne a zaɓi hanyar da za ta kai ga ɗalibi mafi rauni a cikin aji. A nan ne kwaikwayon Turai da Amurka ido rufe yake cutar da mu. Lacca ta bidiyo kai-tsaye tana bukatar sabis mai ƙarfi, da wuta, da data mai yawa, duka a lokaci guda. Sa'a ɗaya ta irin wannan lacca tana iya cinye ɗaruruwan megabait, alhali sa'a ɗaya ta murya zalla, idan aka naɗe ta yadda ya kamata, ba ta wuce megabait 30 ba. Mu tuna cewa a watan Satumba 2021 an katse layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A watan Oktoba 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da yake cikin wannan hali ba zai iya zama a gaban waya ƙarfe goma na safiyar Talata don jiran malami ba. Abin da zai iya shi ne ya shiga gari ranar kasuwa, ya ba da cajin wayarsa, ya sauke darussan mako guda, ya koma gida ya saurara sau uku ko huɗu. Don haka darasin murya na minti 15 ko 20, tare da 'yan shafuka na karatu, a aika ta WhatsApp ko Telegram, ko a ajiye a manhajar Moodle wadda kyauta ce, ya fi amfani gare mu a kan bidiyon da rabin aji ba za su gani ba.

Rukuni na uku, wanda ya fi wuya kuma aka fi sakaci da shi, shi ne gyara da tantancewa. Dole ɗalibi ya san ranar da zai aiko da tambaya da ranar da za a ba shi amsa. Dole a ba shi ɗan aiki ya yi, a duba, a nuna masa inda ya karkace. Malamin da ya tura takardu cikin zauren WhatsApp ya juya baya bai karantar ba, rabon takarda ya yi. Batun jarrabawa kuma batu ne na amana, domin shaidar da jami'a take bayarwa shaida ce a gaban al'umma cewa wane ya san abu kaza. Idan ba a iya tsare jarrabawa daga nesa ba, gara a tara ƙananan ayyuka a tsawon zango, a haɗa da tambayar baka ta waya irin wadda muka saba da ita a makarantun Larabci, a jinkirta babbar jarrabawa har a koma.

UZURIN MALAMAI DA IYAKARSA

Adalci ya wajabta mana mu ambaci uzurin malamai, kuma uzuri ne mai ƙarfi. A 2020 an riƙe albashin malaman da suka ƙi shiga tsarin IPPIS na tsawon watanni, a 2022 kuma an sake riƙe shi a yajin aikin da ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Tun a 2012 kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya bayyana cunkoson azuzuwa da lalacewar ɗakunan gwaje-gwaje da ƙarancin malamai a jami'o'in gwamnati. Malami guda yana iya riƙe aji mai ɗaruruwan ɗalibai, da kuɗinsa yake sayen kwamfuta, da kuɗinsa yake sayen data da man janareto, man da farashinsa ya ninka bayan cire tallafi a watan Mayu 2023. Wanda ya umarci irin wannan bawan Allah da ya koma intanet gobe da safe, bai ba shi komai ba, ya ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba.

Sai dai uzuri yana da iyaka. Tsara darasi a rubuce ba ya bukatar janareto. Naɗar murya ba ta bukatar fiye da wayar da ke aljihun malami, wadda da ita yake aika saƙonni kullum. Mu a fanninmu na Larabci da Addinin Musulunci mun ga dattawan malamai da suka rungumi Maktaba Shamila suna binciken dubban littattafai a kwamfuta, domin sun ga amfaninta. Ashe ke nan tsufa ba ya hana koyo idan an ga bukata. Abin da muka rasa shi ne ganin cewa wannan shiri yana cikin haƙƙin ɗalibi da ke wuyan malami.

AMSA GA MASU SUKA

Akwai masu cewa ilimi daga bakin malamai ake ɗaukarsa, gwiwa da gwiwa, kuma ɗalibi yana koyon ladabi da natsuwa daga zaman malaminsa fiye da abin da yake koya daga maganarsa. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba mu kira a rushe aji ba. Muna magana ne a kan halin lalura. Wanda ya rasa ruwa ba a ɗauke masa salla ba, taimama zai yi, kuma ba wanda ya ce taimama ta fi alwala. Amma ita taimamar tun ruwa yana nan ake koyonta.

Akwai masu cewa ba a koyon likitanci ko injiniyanci ta waya. Wannan ma haka ne, domin ɗakin gwaji da gadon asibiti ba su da madadi. Sai dai kowane fanni yana da sashen nazari wanda za a iya gabatarwa a lokacin rufewa, a bar sashen aiki da hannu zuwa ranar komawa, sai asarar ta ragu daga shekara zuwa 'yan watanni.

Akwai kuma masu tsoron kada gwamnati ta mayar da wannan shiri makamin karya yajin aiki. Mu ba yajin aiki muke nufi ba. Malamin da ya janye aikinsa ya janye shi a aji da intanet baki ɗaya, kuma maganin wannan shi ne gwamnati ta riƙa cika alkawari. Maganarmu a kan ranar da malami yake son karantarwa, ɗalibi yake son karatu, amma annoba ko ambaliya ko bindiga ta raba su.

ABIN DA YA WAJABA

Ba daga sifiri za a fara ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana horar da malaman makaranta daga nesa tun bayan kafa ta a 1976. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo, ta ƙware wajen rubuta darasin da ɗalibi zai karanta shi kaɗai ya fahimta. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Gwanayen suna cikin gida, saura a nemi su koyar da 'yan'uwansu.

Saboda haka muna kira ga majalisar kowace jami'a da ta wajabta cewa duk darasin da ake koyarwa ya kasance yana da tsararren rubutu da naɗaɗɗiyar murya a ajiye a sashe, kuma a sanya wannan aiki cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, domin malami yana ba da ƙarfinsa ne inda ya san za a auna shi. Muna ba da shawarar a ware mako guda a kowane zango a yi karatu daga nesa alhali ƙofa tana buɗe, domin a gano ɗaliban da saƙo bai kai gare su ba tun ana iya nemo su. Muna kira ga asusun TETFund, wanda ya gina dogayen gine-gine a jami'o'i, da ya ba da irin wannan muhimmanci ga wutar sola a sassa, da kwamfuta a hannun kowane malami, da horon da zai ɗore. Muna kira ga gwamnati da ta zauna da kamfanonin waya a sauƙaƙa ko a ɗauke kuɗin data ga mai shiga shafukan karatu na jami'o'i. Ƙungiyar malamai kuma, wadda ta daɗe tana fafutukar gyaran jami'a, ya dace ta sanya wannan cikin bukatunta, ta kuma zaburar da 'ya'yanta a kai. Iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ma suna da haƙƙin su tambayi shugaban kowace jami'a: idan aka rufe gobe, mene ne tanadinku?

Daga ƙarshe muna komawa ga malami shi kansa, domin duk abin da muka lissafa yana iya jinkiri, amma nasa yana hannunsa. Ya ɗauki darasi ɗaya daga cikin waɗanda yake koyarwa a wannan zango, ya tsara shi mako-mako, ya naɗi bayaninsa, ya karɓi lambobin wayar ɗalibansa, ya tambaye su garuruwan da za su koma idan an rufe makaranta da irin sabis ɗin da ake samu a can. Wanda ya yi wannan ya sauke wani sashe na amanar da ya ɗauka, kuma ladansa yana wurin Wanda ba Ya riƙe albashin kowa.

Allah Ya kiyaye mu daga annoba da fitina, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya sanya albarka a cikin karatun 'ya'yanmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.